Yadda Labaran Ya Ɗora Direban Tasi a Kan Kekensa

Labaran maƙwabcina ne a Sabo, katanga ɗaya ta raba mu. Shekara goma sha tara ke nan ina jin ƙarar sarƙar kekensa kowace safiya idan ya turo shi daga zaure. A nan aka haife shi. Kakansa ne ya zo Ibadan daga Bichi da fataucin goro, bai koma ba. Shi Labaran sau uku kacal ya taɓa zuwa arewa, biyu ta'aziyya, ɗaya biki. Yarabanci kuwa, in yana yi a bayan labule ba za ka taɓa cewa Bahaushe ba ne.

Sana'arsa ɗinkin buhu a Kasuwar Bodija, ɓangaren 'yan albasa da wake. Idan manyan motoci suka sauke kaya, aka zazzage, aka tsince ruɓaɓɓu, aka sake cika buhuna, shi ne zai bi su da basilla da igiya yana ɗinke bakinsu. Dogo ne, siriri, ya haura hamsin, yatsunsa duk kanta.

Kekensa baƙi ne, irin na da mai tsayi, a hannun wani tsohon masinja ya saye shi. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba zai shiga Maikira kamar kowa ba, ƙananan tasin nan da suka cika garin. Ya ce, "Ka dubi tsawon ƙafata. A cusa ni gaba mu biyu, gwiwata a haɓata, direba na sa giya a cinyata? Ina da keke, ina da ƙafa. Me na rasa?"

Abin da ya rasa shi ne kwanciyar rai. Ban taɓa ganin ya dawo da yamma fuskarsa a sake ba. Zai jingine keke, ya zauna a bencin ƙofar gida, ya fara. Yau mai okada, wato ɗan acaɓa, ya shigo masa ta hagu ya taka masa ƙafa. Yau wata mata ta buɗe ƙofar mota ba ta duba ba, saura ƙiris ya shige ciki. Yau a hawan tudu, yana tsaye a kan feda numfashi na neman ƙarewa, wani mai jif ya maƙale masa a baya yana ta oda, alhali hanya a buɗe take. A shataletalen Mokola kuwa, ƙarƙashin gadar sama, inda tasi ke tsayawa duk inda suka ga an ɗaga yatsa, ya ce kullum sai ya yi shahada kafin ya shiga.

"Ba zagin ne ke ci mini rai ba," in ji shi. "Wanda ya zage ka ai ya gan ka. Su waɗannan ba sa ganina, Mahmuda. Mutum zai kalle ni tsakiyar ido ya murzo sitiyari kamar iska ce a wurin. Akuya ma suna taka mata birki."

Matarsa Ramlat tana yin waina a gida. Kowace safiya takan cika kula, a ɗaure masa a kariya, ya kai wa 'yan dako a kasuwa. Wata Litinin cikin damina, an yi ruwa da asuba, ya fita da kular kamar kullum. Ya wuce shataletale ke nan ya kama titin Sango, sai wata Maikira ta sha gabansa. Direban ya hango fasinja a bakin hanya, ya yanko dama gaba ɗaya. Bayan motar ya daki tayar gaban keken. Labaran ya tashi sama ya faɗa kwata, kafaɗarsa ta dama ta daki gefen siminti. Ya ce shi da kansa ya ji ƙarar ƙashin.

Motar ta tsaya, direban ya fito. Labaran yana kwance cikin ruwan kwata yana kallonsa, yana tsammanin zai miƙo hannu. Mutumin ya zagaya bayan motarsa, ya sunkuya, ya duba inda keken ya goga. Ya tofa yawu a yatsa ya murza fentin. Da ya ga ba ta karce sosai ba, sai ya miƙe, ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "Mola, kuro lona!" Wato Bahaushe, kauce daga hanya. Ya ɗauki fasinjansa ya tafi.

Wata mai sayar da burodi ce ta kama shi ya fito. Wainar Ramlat ta watse a titi, motoci na bi ta kai. Mutane suka taru. Wani mai ɗaure da laktaye ya girgiza kai ya ce, "Aboki, who still dey ride bicycle for Ibadan?" Wato wa ke hawa keke har yanzu a Ibadan. Labaran, da hannu a saki kamar ba nasa ba, ya amsa masa da Yarabanci tsantsa. Ya ce masa a garin nan aka yanke masa cibiya, kuma titin ba na uban kowa ba ne. Mai laktaye ya bar wurin.

Ƙashin kafaɗar ne ya karye. Mai ɗori ya ɗaure shi, ya ce sati shida kada ya ɗaga ko buta da hannun. Da ya ɗan samu sauƙi na raka shi wani ofishin 'yan sanda. Ɗan sandan da ke bakin kanta ya tambayi lambar motar. Labaran ya ce bai ga lamba ba, yana cikin kwata, amma gilashin bayan ya fashe an liƙe shi da leda, kuma direban yana da tabo a gira. Mutumin ya ajiye biro ya ce, "Keke ne fa, Baba. Ka gode Allah da ranka." Na bayansa ya yi dariya. Muka kamo hanyar gida.

A gida ma ba a bar shi ya huta ba. Ramlat ba mace ce mai ɓoye abin da ke ranta ba, kuma katangar tamu ba ta da kauri.

"Baban Hafiza, wallahi ka sayar da keken nan. Na gaji. Kullum ka fita gabana na faɗuwa har ka dawo."

"Keken ne ya buge ni?"

"Ba ruwana da wanda ya buge ka! Yau kafaɗa, gobe me? Sa'o'inka duk sun daina hawa. Kai kaɗai ka rage a layin nan."

"To ni zan bar masa hanya ke nan? Shi ya yi laifi, ni za a hukunta?"

"In aka kawo mini gawarka sai in ce wa yara ubansu ne mai gaskiya?"

Can na ji ya ce, a hankali, "Fentin motarsa ya duba, Ramlat. Ina kwance a gabansa."

Tun daga wannan rana ya sami aikin yi. Akwai Manniru mai gyaran keke, rumfarsa na kusa da shataletale, inda masu lodin Ojoo ke jera motoci. Shi ya ɗauko keken ranar da abin ya faru. Ya sa masa sabon wili, ya miƙe kan. Labaran ya ce kada ya yar da tsohon wilin da ya lanƙwashe. Kullum da safe zai je rumfar, hannu a rataye a wuya, ya zauna a kan wata tsohuwar taya yana bin kowace Maikira da ido. Manniru ya ce masa motocin nan sun fi dubu, kuma mai yiwuwa an riga an sa sabon gilashi. Labaran ya ce zai gane girar.

Sati uku yana wannan zama. Ya rame. Mutanen unguwa suka fara cewa faɗuwar ta taɓa masa kai. Ni ma na yi masa magana, na ce ya bar wa Allah. Ya dube ni ya ce, "Na bar wa Allah kafaɗar. Ganin mutumin ne ban bari ba."

Ranar wata Laraba, wajen ƙarfe takwas, Manniru ya kira ni a waya ya ce in zo yanzu-yanzu. Na bar shago na ruga. Na tarar da Labaran tsaye a gaban wata Maikira da ta cika da fasinja, ya ɗora lanƙwasasshen wilin a kan bonet. Ledar na nan a gilashin baya. Direban ya fito yana ihu, ƙato ne mai kamar shekara talatin da biyar, da tabo a girar hagu. Rasaki sunansa, na ji abokan aikinsa na kira.

Da Yarabanci aka yi maganar. Labaran ya ce, "Ka gane ni?"

"Daga ina zan gane ka? Sauke ƙarfen nan daga motata!"

"Litinin, bayan ruwan asuba, titin Sango. Ka jefa mai keke a kwata."

Rasaki ya tsaya yana tunani. Na kalli fuskarsa sosai, kuma na rantse ba ƙarya yake ba. Bai tuna ba. Ya juya ga mutane ya buɗe hannu. "Yaushe? Wane keke? Ni ban buge kowa ba."

Ban taɓa ganin Labaran haka ba. Jijiyar wuyansa ta fito. Ya zare ƙyallen da ke rataye da hannunsa, ya ja wuyan riga ya nuna ɗorin. "Sati biyar ba na iya cin abinci da dama! Sati biyar ban taɓa basilla ba! Ni kullum da fuskarka nake kwana nake tashi, kai ko tuna ni ba ka yi ba?"

'Yan kamasho suka fara kewaye mu. Daga can ɓangaren wasu 'yan Sabo suka fara tsallakowa. Ni kuwa na san yadda ƙaramin abu ke zama wani abu a irin wannan wuri. Allah ya taimaka shugaban tashar ya fito, wani dattijo mai tsage a kumatu, yana tafe da sanda. Ya sa aka yi shiru, ya saurari Labaran har ƙarshe. Sannan ya aika aka kira mai burodin nan daga tsallake. Tana zuwa ta nuna Rasaki ta ce shi ne, har ta kwaikwayi yadda ya tofa yawu ya goge fenti.

Dattijon ya zagi Rasaki tas. Ya juyo ga Labaran ya ce, "Baba, e ma binu, kada ka yi fushi. Zai gyara keken, zai biya magani."

"An gyara keken. Magani na sha."

"To me kake so?"

Labaran ya nuna rumfar Manniru, inda keken ke jingine. "Ya hau. Daga nan zuwa mahaɗar Sango, ya dawo. Yanzu, a wannan lokacin, a kan titi, ba gefen masu tafiya a ƙasa ba."

Wurin ya fashe da dariya. Rasaki ma ya yi dariya, ya ce shi da ya yi ta hawa keke a ƙauyensu tun yana ɗan ƙarami. Dattijon bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon Labaran, sannan ya ce a sauke fasinjojin a sa su a wata mota. Ya karɓi makullin ya sa a aljihu. Ya ce wa Rasaki in ya dawo daga Sango ya zo ya karɓa.

Manniru ya turo keken. Rasaki ya hau yana wa abokansa kirari, ya taka ya shiga titi. Muka bi shi ta gefe, ni da Labaran da jama'a da dama.

Da farko ya tafi daidai. Yana isa bakin shataletale wani mai okada ɗauke da buhun gari ya wuce ta jikinsa, buhun ya daki gwiwar hannunsa, keken ya yi tangal-tangal. Ya gyara da ƙyar. Wata bas ta matso shi har sai da fedarsa ta goga siminti. Ya ɗaga hannu yana son ya shiga layi, babu wanda ya rage gudu. Na ga yana waige-waige, bakinsa a buɗe. Dariyar da ke bayanmu ta fara raguwa.

Sai wata Maikira ta taho daga ɓangaren Dugbe, ta tashar tasu ce, direban abokinsa ne da suke cin abinci tare. Ya danna masa oda a kunne, ya leƙo ta taga ya ce, "Were! Ka gaji da rayuwa ne?" Ya kira shi mahaukaci, ya yanke gabansa ya tsaya ɗaukar fasinja. Rasaki ya damƙe birki, ya dire ƙafa biyu a ƙasa, tayar gaba ta tsaya taku ɗaya da bayan motar. Ya kira sunan abokin da ƙarfi. Wancan bai ji ba, ya riga ya ja mota.

Rasaki ya sauka. Ya ja keken ya haye gefen titi, ya zauna a ƙasa a gaban wani shagon waya. Ko rubu'in hanyar bai yi ba. Rigarsa ta jiƙe sharkaf. Da muka iso ya miƙe, sannan ya rusuna har hannunsa ya taɓa ƙasa, irin gaisuwar da suke wa manya. Ya ce, "Baba, ku yi haƙuri. Ban sani ba."

Labaran ya ce, "Ɗago ka kalle ni."

Ya ɗago.

"Sunana Labaran. A Sabo aka haife ni. Ina da mata da 'ya'ya huɗu. Kullum da safe ta nan nake bi."

Ya kama kan keken da hagu ya tura shi muka kama hanyar gida.

Na ɗauka zai ji sanyi a ransa. Kafin azahar labarin ya zaga Sabo, ana ta zuwa ana yi masa barka kamar wanda ya ci shari'a. Shi kuwa yana zaune a benci fuska a murtuke. Da mutane suka watse ya ce mini, "Ka ga wancan na biyun? Abokinsa ne fa. Yana hawa keke ya daina ganinsa. To su nawa zan ɗora, Mahmuda? Ɗaya bayan ɗaya zan bi su?"

Ramlat ma ba ta yi murna ba. Ta ce daga cikin gida, "To an rama. Kafaɗar ta warke?"

Ta warke, amma a karkace. Da ya koma kasuwa ya tarar masu albasa sun ba wani mai suna Shu'aibu wurinsa, don kaya ba sa jira. Bai yi musu da kowa ba. Ya koma wajen 'yan wake da gero, inda buhu bai kai na albasa taurin baki ba, domin hannun ba ya iya jan igiya kamar da. In ana ruwa kafaɗar na yi masa zugi. Ba ya iya miƙe hannun dama sosai ya nuna zai karya kwana, saboda haka yanzu da baki yake yi, yana tafe yana ɗaga murya da Yarabanci. Ramlat ta daina ba shi kular waina. Ta ce ba za ta ƙara masa nauyi a baya ba, ta haɗa da wani maƙwabci mai zuwa Bodija a mota. Sun yi kwana biyu ba sa magana a kan haka.

Rasaki yana nan yana lodin Ojoo. Manniru ya ce in ya hango Labaran yakan rage gudu ya ɗaga masa hannu, kuma Labaran bai taɓa amsawa ba. Sauran direbobin tashar sun yi sati guda suna tsokanar Rasaki, daga nan aka manta.

Watan jiya wani ɗan dako mai suna Hashim, mutumin Gusau, magidanci ne da ya zo ci-rani, ya same mu a benci bayan la'asar. Ya gaisa, ya tsuguna. Ya ce yana kwana a Sabo yana aiki a Bodija, tafiyar ƙasa ta ishe shi, an ce masa Baba Labaran ne ya san inda ake samun keke mai ƙwari.

Labaran ya kalle shi daga sama har ƙasa. "Kana da iyali?"

"Ina da su, Baba. Suna gida."

"To ka ji. Babu wanda zai ba ka hanya. Kada ka yarda da fitilar kowa, kada ka yarda da idon kowa. In Maikira ta wuce ka, ka sa a ranka tsayawa za ta yi a gabanka. In ka faɗi za su ce kai ka jawo. Za su kira ka sunan da ba naka ba, a garin da kake ɗaukar musu kaya a ka. Kullum za ka iso kasuwa ranka a ɓace, ka dawo ranka a ɓace. Ka ji ni?"

Hashim ya ce ya ji.

"Har yanzu kana so?"

Hashim ya ce ƙafafunsa sun kumbura, kuma mota kullum ba za ta yiwu ba.

Labaran ya yi tsaki, ya miƙe yana dafe da kafaɗa. Ya leƙa zaure ya ce wa Ramlat zai je wajen Manniru ya dawo. Ya ce wa Hashim, "Taho. Akwai wani keke da na gani jiya, birkin baya ne kawai ba shi da kyau. Gobe ƙarfe shida da rabi ka same ni a nan, ka biyo bayana. Kada ka wuce ni, ko da na tsaya."